Sau Nawa Auta Ya Faɗi?

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar da ta fi kowa kyan rubutu a ajinsu. Ita ma ta san da haka, don ba ta rasa ɗan ji da kai. Tana da ƙane guda ɗaya, ɗan shekara bakwai. Kowa Auta yake ce masa, shi kuma yana kiranta Yaya.

Auta bai taɓa zuwa makaranta ba. Tun haihuwa ƙafafunsa ba su da ƙarfi. Idan ya dafa bango yakan yi taku uku ko huɗu, sai gwiwoyinsa su lanƙwashe ya zube. Amma bakinsa lafiya lau, har surutun ya yi yawa. Duk karatun da Yaya ta yi da ƙarfi, kafin ta rufe littafi ya haddace.

Yana da jakar makaranta, tsohuwa ce ta Yaya. Kullum da safe sai ya saka fensir da littafi a ciki, ya rarrafa bakin ƙofa, ya zauna yana kallon yara suna wucewa. Makarantar tana da nisa. Baba direban babbar mota ne, yakan yi sati biyu bai kwana gida ba. Mama kuma ba ta iya goya shi yanzu, ya yi mata nauyi, bayanta yana ciwo.

Wata rana wata mata ta yi sallama, riƙe da jaka cike da takardu. Ma'aikaciya ce daga ofishin da ke kula da yara masu lalura irin ta Auta. Aikinta shi ne ta shiga gida, ta ga abin da yaro yake buƙata, ta bi ta nemo masa. Mama ta ce yaran su riƙa ce mata Anti.

An ba ta kujera, amma ta zauna a ƙasa kusa da Auta. Ta tambaye shi me ya fi so a duniya. Ya ce makaranta, bai ko tsaya tunani ba.

Anti ta gaya wa Mama cewa keken guragu ne zai kai shi, domin Yaya ma za ta iya tura shi. Sai dai kekuna shida ne suka zo ofis, yaran da ke jira kuwa sun kai ashirin. Bayan wata ɗaya za a zauna a duba waɗanda suka fi buƙata. Ta ciro wani shuɗin littafi. A kowane shafi akwai tambayoyi iri ɗaya. Taku nawa ya yi yau? Sau nawa ya faɗi? Wa ya kai shi banɗaki? Ta ce a riƙa cikewa kullum.

Mama tela ce, ɗinki ya gajiyar da idonta, ƙananan rubutu ba ta ganinsu sosai. Yaya ta karɓe littafin tana murna. Ai wannan aikin masu kyan rubutu ne.

A ranar farko Auta ya faɗi sau biyar. Da yamma Yaya ta buɗe littafin ta riƙe biro. Sai ta ga shafin ya yi mata kama da katin sakamakon jarrabawa. Ta tuna da maƙwabciyarsu, wadda duk ta ga Auta sai ta girgiza kai ta ce, “Kaico, yaron nan ba abin da yake iyawa.” Zuciyar Yaya ta yi zafi. Yanzu ita ma da hannunta za ta rubuta cewa ƙanenta ya kasa? Har baƙi su karanta?

Ta rubuta: “Bai faɗi ba. Ya yi taku ashirin.”

Washegari ta rubuta talatin. Ranar da Mama ta ɗauke shi zuwa banɗaki har ta riƙe ƙugu tana nishi, Yaya ta rubuta: “Ya je da kansa.” Idan Mama ta tambaya ko ta cike, sai ta ce ta cike tsaf. A ranta gata take yi wa Auta.

Da wata ya cika, Anti tana asibiti da wani yaro, sai ta aiko aka karɓi littafin aka kai wurin zaman.

Bayan kwana huɗu ta zo. Tun daga sallamarta Mama ta san ba lafiya. Anti ta zauna, ta ajiye littafin a kan cinyarta. Ta ce Auta bai samu keke ba. Masu zaman sun karanta sun ga yana taku talatin, ba ya faɗuwa. Sun ce yana samun sauƙi, zai iya jira. Ta ce ta yi musu gardama, ta faɗa musu abin da ta gani da idonta. Suka ce ita rana ɗaya ta gan shi, littafin kuwa na kwana talatin ne.

“Taku talatin?” in ji Mama a hankali. “Auta nawa?”

Auta ya jawo jakarsa, ya ciro fensir da littafinsa, ya ajiye su a ƙasa. Ya tura jakar ƙarƙashin gado. Bai yi kuka ba, kuma da ma ya yi, da abin ya fi sauƙi.

Yaya ce ta fashe da kuka. Ta ce ita ce ta rubuta ƙarya. Ta ce ba ta so a ce ƙanenta ya faɗi jarrabawa.

Mama ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai hawaye ya riga ta. Ta juya wa ɗakin baya, ta zauna gaban keken ɗinkinta, amma ba ta taka shi ba.

Anti ta jawo Yaya kusa da ita.

“'Yata, wannan ba jarrabawa ba ce. Mutanen da ke raba kekunan ba su taɓa ganin Auta ba. Abin da kika rubuta shi ne idonsu. Da kika ɓoye faɗuwarsa, sai kika ɓoye shi gaba ɗaya.”

Sannan ta ce, “Ni ma ina da laifi. Na ba ki littafi, ban zauna na gaya miki amfaninsa ba. Kuma ban dawo na duba ba.”

Yaya ba ta taɓa jin babba ya ce yana da laifi a gaban yara ba. Ta tambaya ko za a iya karɓo keken. Anti ta ce a'a. Yanzu yana wurin wata yarinya da ita ma take buƙatarsa. Sai dai a jira zama na gaba, bayan wata huɗu.

Bayan hutu aka koma makaranta ba da Auta ba. Ya daina zama a bakin ƙofa. Ya rage surutu, har Mama ta ce gidan ya yi mata faɗi. Idan Yaya ta ɗauki jakarta da safe, sai ta fita da sauri don kada su haɗa ido. Wannan zangon karatu shi ne mafi tsawo a rayuwarta.

Anti ta kawo sabon littafi. Duk sati take leƙowa yanzu, su duba tare. Ta samo musu takardar likita, ta je ta ga shugaban makaranta, aka yi alkawarin gyara matakalar ƙofar aji.

A yammar farko Yaya ta sake riƙe biro. Auta ya matso ya leƙa shafin.

“Yaya, rubuta huɗu,” ya ce. “Uku a ɗaki, ɗaya a bakin banɗaki.”

“Ba ka jin kunya?”

“Ni nake faɗuwa, ni nake tashi. Ke rubutawa kawai za ki yi.”

Ta rubuta huɗu. Hawaye ya ɗiga ya ɓata mata kyakkyawan rubutun, ba ta goge ba. Daga ranar shi yake ƙirgawa, ita tana rubutawa. Idan ta yi masa ragi ko na ɗaya, sai ya kai ƙara wurin Mama.

Bayan wata huɗu, wata safiya, suka ji ana fama da ƙofa. Anti ce take turo keke, ta ɗora jakarta a kan kujerar. Auta ya kalli keken, ya kalli Anti. Ya rarrafa ƙarƙashin gado ya jawo jakarsa, ya kaɗe ƙurar da ke jikinta.

Ranar Litinin Yaya ce ta tura shi har ƙofar ajinsa. Duk hanya yana yi mata tsiya, wai Baba ya fi ta iya tuƙi nesa ba kusa ba.

Tun daga nan Yaya ta gane cewa ɓoye wahalar wanda kake so ba taimako ba ne. Sai an faɗi gaskiya sannan mai taimako yake sanin inda zai kama.

Da yamma ta buɗe littafin. Ta rubuta cewa ya faɗi sau biyu. A ƙasan shafin, inda babu tambaya, ta ƙara layi ɗaya da mafi kyan rubutunta: “Yau Auta ya je makaranta.”