Ludayin Farko

A Madafa, wani ƙauye yamma da Tofa, ba a tambayar mutum sana'arsa. Magani yake dafawa, kamar ubansa. Shekara uku yana hura wuta, biyu yana dakan saiwa da sassaƙe, biyu yana tacewa, sannan idan dattawa sun ga hannunsa ya faɗa, su ba shi ludayi. Daga ranar doka ɗaya ce a kansa: duk tukunyar da ya sauke, ludayin farko cikinsa zai shiga, a gaban mai saye. Idan guba ya dafa, shi zai fara sani. Ba mu da hukumar duba ingancin magani, ludayin nan ne hukumarmu.

Dallatu ɗan Inna Adama ne, wadda babu mai hannunta a ƙauyen. Tukunya ɗaya take ɗorawa a mako, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinta sai ta ce a tafi asibiti. Dallatu ya yi difloma a Kano, ya dawo da fahimtar cewa wannan gaskiyar ce ta hana gidansu ci gaba. Shi kwalabe yake so, da takarda mai hotonsa, da mota mai lasifika. Matsalar ɗaya ce: maganinsa ba ya kisa, ba ya kuma warkarwa.

Sai ya nufi bayan Shanono, wurin wani boka da ake kira Ɗan Toka, wanda ba ya ganin kowa sai rana ta take tsaka. A cikin kogon wata tsohuwar kuka yake zama. Ƙasan kogon toka ce har idon sawu, an rataye ƙahonin awaki da tsumman likkafani, ga wata baƙar tukunya a kan duwatsu uku tana tafasa, babu ko garwashi a ƙarƙashinta. Ƙuda ba ya shiga wurin.

Dallatu ya ce tukunyar da ba ta kuskure yake so.

"Ga ta nan," in ji boka. "Mahaukaci zai sha ya tambayi ina hularsa. Amma ludayin farko ba naka ba ne. Ka ba wanda kuke cin tuwon gida ɗaya."

"Me zai same shi?"

"Kai da ka yi boko, ka taɓa ganin kabarin cuta? Tashi take ta koma wani jikin. Ni hanya kawai nake nuna mata."

"In ni na sha fa?"

"Mai tukunya ba ya mutuwa sai an shanye abin da ya dafa."

Dallatu ya ɗauki wannan a matsayin albishir. Boka ya sa shi ya karya ludayin mahaifinsa, ya jefa a ciki, ya tofa yawu sau uku. Tukunyar ta yi shiru, kamar mai saurare.

Da ya dawo gida da tukunyar ya sanar cewa likita ya gano masa gyambon ciki, ya hana shi shan ɗaci, don haka ƙaninsa Uwaisu zai riƙa ɗanɗana masa. Dattawa suka yi gunaguni, amma kalmar likita tana da nauyi ko a wurin masu dafa magani. Tukunyar farko ta ciwon shawara ce. Mutum talatin suka sha, talatin suka miƙe. Kafin a yanke gero, Uwaisu, ƙaton da yake noman gona biyu shi kaɗai, ya koma rawaya har farcensa, ya rasu. Dallatu ya yanka sa ranar sadakar uku. Kowa ya yaba.

Motar lasifika ta zo, aka zagaye gidan da bulo, aka fara ce masa Alhaji tun kafin ya ga jirgi. Tukunya ta biyu ta taɓin hankali ce, ya ba ƙanwarsa Huseina ludayin. Bayan mako biyu sai da aka ɗaure ta a turke. Ba ta taɓa haihuwa ba, amma yini take tana kiran Anas da Rufaida su zo su ci abinci.

Ranar wata Laraba wata mata ta zo daga Rijiyar Zaki yin godiya, shekara shida tana hauka ta warke da kwalba ɗaya. Inna Adama tana tankaɗe a tsakar gida ta ji matar ta daka wa 'ya'yanta tsawa: Anas, Rufaida, ku bar taɓa kayan mutane. Inna ta ajiye rariya. Ta juya ta dubi ɗakin da aka ɗaure Huseina.

Tukunya ta uku ita ce babbar harka, maganin kowace cuta. An sirka ta a duro goma, an cika kwalba dubu biyu, dillalai sun zo daga Kano da babbar mota, da hantsi, gari ya taru. Ina wurin. Dallatu ya ɗebo ludayi ya miƙa wa matarsa Furera, yana murmushi irin na hoton kwalbarsa.

Inna Adama ta ratso mutane ta karɓe ludayin daga hannun Furera. Ta ɗaga shi kusa da bakinta, tana kallon ɗanta. Ni ma shi nake kallo. Bai hana ta ba.

Sai ta juya ludayin ta miƙa masa.

"Sha."

"Inna, kin san likita ya ce..."

"Ni na haifi cikin nan, na san abin da ke cikinsa. Shekara arba'in ina shan nawa. Ubanka ya yi kuskure sau ɗaya, ya sha kuskurensa, muka binne shi da mutuncinsa. Ka cinye mini Uwaisu, ka ɗaure mini Huseina. 'Yar mutane kuwa ba za ka taɓa ta ba ina numfashi. Ka sha, ko ka kifar da durorin nan yanzu a gaban jama'a."

Babban dillalin, wanda bai fahimci komai ba sai cewa ana gardama a kan kaya, ya ce shi ba zai loda abin da mai shi yake tsoro ba.

Hanya biyu ce a gaban Dallatu, kuma ɗayar ba ta da ciwo ko kaɗan. Ya dubi durorin, ya dubi motar. Ya shanye ludayin, ya goge baki, ya ce a loda. Lissafinsa shi ne gobe ya koma wurin boka a warware. Washegari ya tarar da kogon kuka babu kowa, sai ƙudaje.

Yau shekara huɗu ke nan. Dallatu yana ɗakin da aka ɗaure Huseina kafin Allah ya karɓe ta. Duk lokacin da wani ya buɗe kwalba a Bichi ko Gwarzo, a nan muke ji. Wata rana tari ne har da jini, wata rana ƙafa ta kumbura ta fashe, wata rana ya yini yana naƙuda. Yana roƙon mutuwa, ita kuma tana jiran kwalba ta ƙarshe. Maganin ya yi suna, kuma kun san mutanenmu da abu mai kyau: ɓoye shi suke a ƙasan akwati, sai ranar da ta ɓaci.

Inna Adama ce take ba shi kunu a baki. An taɓa tambayarta ko tana nadama. Ta nuna Furera da ke shanyar wanki, ta koma kan tukunyarta.

Ku masu sha'awar motar lasifika, ku zo Madafa ku tsaya a bayan katangar bulon nan minti biyar. Idan bayan haka har yanzu kuna son dukiyar da wani zai ɗanɗana muku ɗacinta, ku je. Kukar tana nan, an ce an sake ganin toka a ƙofarta.