Katin Baba Ba Rijiya Ba Ne

A unguwarmu ta Tembisa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da kirki, amma akwai ta da son a sani. Wannan kam ba zan ɓoye mata ba.

Babanta kafinta ne. Da yana da babban shago. Sai bashi ya yi masa katutu, jarinsa ya karye, aka kwashe injinansa. Sunansa ya ɓaci a wurin masu ba da bashi. Ko kujera ba mai ba shi sai da kuɗi hannu.

Baba bai karaya ba. Ya yanki wani katin banki wanda sai abin da ka zuba kake samu. Da ƙyar wani kanti ya ba shi guduma da zarto bashi. Duk ƙarshen wata kantin yakan cire kuɗinsa daga katin.

Baba yakan ce, "In ban taɓa fashin biya ba, sunana zai wanku. Sai a ba ni inji."

Wata Juma'a ya aike ta sayen burodi da katin. A bakin shagon burodin ta haɗu da ƙawayenta. Refilwe, mai bakin tsiya, ta ce, "A'a! Ku da aka kwashe wa kaya, har da kati? Na wasan yara ne ko?"

Yarinyar ta ji zafi. Ta ce, "Na wasa? Kowa ta zaɓi kota, ni zan biya!"

Aka haɗa musu kota, wato burodin da aka cika da soyayyen dankali da ƙwai. Suka ci, suka kora da lemo, suna ta yi mata kirari.

Ta isa gida ta tarar da Baba yana kallon wayarsa. Saƙon cire kuɗi ya riga ta zuwa. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi bulala ciwo.

Ya ce, "Litinin kanti zai ciri kuɗinsa. Abin da ya rage bai kai ba."

Ta ce, "Baba, ai da katinka ba ya ƙarewa."

"Wancan na bashi ne, 'yata. Shi ya cinye shagona. Wannan guminmu ne kawai a ciki."

Ta fashe da kuka. Gogo, kakarta, ta leƙo daga kicin ta ce, "Ke, hawaye ba ya cika kati. Ɗauko min kwanon fulawa."

Asabar da safe suka soya amagwinya, fanke manya-manya masu zafi. Yarinyar ta cika bokiti da su, ta kai talla tashar mota. Da farko kunya ta hana ta buɗe baki. Da ta tuna fuskar Baba, sai ta ɗaga murya.

Can sai ga Refilwe tana ƙunshe dariya.

Yarinyar ta ce, "Ke da kika ci kota har da lashe yatsa, zo ki riƙe min bokiti!"

Refilwe ta sunkuyar da kai, ta zo ta riƙe. Ashe muryarta ta fi ta kowa ƙarfi. Lahadi ma suka koma, bokiti ya ƙare tas.

Baba ya raka ta aka zuba cinikin a kati. Litinin wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ɗaga ta sama kamar jaririya.

"An biya! An biya a kan lokaci!"

Haka ya ci gaba wata bayan wata. Da shekara ta zagayo, wata mota ta tsaya a ƙofar gidansu da sabon injin yanka katako. Gogo ta rangaɗa guɗa, duk layinmu muka fito muna rawa. Ni kaina sai da na yi ƙwalla.

Baba ya dafa kan 'yarsa ya ce, "Ke za ki fara kunna shi."

Yara, kada ku kashe abin da ba naku ba don a yaba muku. In kun yi kuskure, ku tashi ku gyara. Suna mai kyau yana da wuyar samu, amma ko ya ɓaci, gaskiya da haƙuri suna dawo da shi.