Tagar da Ke Kallon Titi

A kan matattakalar benen ya fara ganinta, sanye da fararen kayan nas, ta jingina kai da bango tana barci. Dillali ɗaya suke jira su biyun, shi kuwa dillali yana ta "ga ni nan a hanya" alhali ko takalmi bai sa ba.

Malam, kamar yadda kowa ke kiransa don a sakandare yake koyarwa, ya rasa ta inda zai wuce. Ya yi gyaran murya, ta farka a firgice.

"Yi haƙuri, daga aikin dare nake," ta ce. "Asibitinmu na nan bayan layi, gidanmu kuwa sai na shiga mota biyu. Haya na zo tambaya."

"Ni kuma saye. Sai dai ba a faɗa mini gidan yana da mai gadi ba."

Ta rufe fuska tana dariya. Ɗan fulat ne mai ɗaki da falo a hawa na biyu, a tsakiyar gari, kuma mai shi ba ya ba da haya. Ita ta tafi ba gida, shi ya tafi da lambarta.

Tun daga ranar ya raɗa mata Gyangyaɗi. Kullum da safe, yana shirin shiga aji tana shirin kwanciya, sai saƙonsa ya iso: "Gyangyaɗina, kin isa lafiya? Kada dai ki wuce tasharku." Ita kuma ta amsa: "Na wuce, Malamina. Direba ne ya tashe ni."

Wannan wucewar tashar ce ta tsaya masa a rai. Ya sayar da filin da ya gada, ya sayi fulat ɗin, don matar da zai aura ta riƙa takowa gida da ƙafa. Duk abin da ya mallaka a duniya ya koma ɗaki da falo.

Mahaifinta tsohon kafinta ne, shi ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Ya ce ba zai amsa maganar aure ba sai ya ga inda za a ajiye masa 'ya. Ya zaɓi safiyar Litinin.

Tun daga ƙofa gaban Malam ya faɗi. Masu walda a ƙasan benen sun buɗe shago, 'yan kamasho suna kiran fasinja, ga hon, ga janareta. Gilashin tagar har rawa yake.

"Yaro, wace rana kake zuwa duba gidan nan?" Baba ya tambaya, sai da ya ɗaga murya.

"Ranakun hutu, Baba. Sauran ranaku ina aji."

"To ita da rana take barci. Mai ba marar lafiya magani in ba ta runtsa ba, ran wani ne a hannunta. Ban ba ka ba."

Malam ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya duba famfo, ya duba takardu, ya manta da abu ɗaya da ya sayi gidan dominsa. Ga kuma ɗan ƙanwar Baba, mai mota da ƙaton gida a bayan gari inda ko kukan kaza ba a ji, ya daɗe yana kai gaisuwa.

Ana cikin haka saƙonta ya shigo: "Malamina, aiko mini da makullin gidan. Kada ka je, kada ka tambaye ni komai." Ya aika, zuciyarsa ba daɗi. Daga nan amsoshinta suka gajarce. Sai kuma dillali, wanda bakinsa ba ya riƙe magana, ya kira shi.

"Malam, ka sayar ne ban sani ba? Na ga mutuniyarka da wani mai mota suna hawa suna sauka."

Rannan ya kasa koyar da komai. Ana tashi ya nufi gidan, ya ƙudura in ma rabuwa ce a faɗa masa a fuska. A matattakala ya ci karo da mai motar yana saukowa, riga sharkaf da gumi, kafaɗa duk ƙurar katako.

"Kawu ya mayar da ni ɗan dako saboda kai," ya ce, ya wuce yana tsaki.

Ƙofar a buɗe take. Baba na durƙushe gaban tagar, tabarau a kan hanci, yana danna roba a gefen wani sabon firam. Ya ƙara taga ta biyu daga ciki, mai kaurin gilashi, ya toshe kowace kafa. Duk da tsufansa, aikin ya zauna daram.

Bai ko juyo ba ya ce, "Ja wannan ka rufe."

Malam ya ja. Titi ya ɗauke ɗif. Yana ganin masu walda suna ta feshin wuta a ƙasa, amma abin da ke isowa kunnensa bai fi raɗa ba.

"Baba, ni na zaci..."

"Yi a hankali." Tsohon ya nuna ƙofar ɗaki da haɓa.

Tana can kwance a kan kwalin da aka kawo gilashi a ciki, jakarta ce matashi, tana barci da rana tsaka. Idanun Malam suka ciko da hawaye.

"Na ƙi gidanka, ban ƙi ka ba," Baba ya ce ƙasa-ƙasa. "Wanda ya sayar da gadonsa don ta huta da shiga mota ba abin kora ba ne. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure ba da daɗewa ba. Da aka kawo amarya, mutane suka cika ɗan falon har matattakala, ƙawayenta suna tsokanar ango wai ya auri wadda za ta yi masa barci a tsakiyar hira. Baba ne ya fita a ƙarshe. Ya sake gwada tagar, ya sa makullin a hannun Malam, ya riƙe hannun.

"Tun tana cikin zanin goyo nake tsaron barcin yarinyar nan. Yau na bar maka. Allah ya yi muku albarka, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Baba," suka ce su biyun.

Ya ja musu ƙofar a hankali, yadda ya saba jan tata.