Ƙoran da Aka Ce An Ƙone

Ranar da aka jawo Azumi zuwa ƙofar gidan Iliyasu, ko kallabi babu a kanta. Da hantsi ne, tana tsakar gida tare da 'yarta Hussaina, sai ga samari sun faɗo babu ko sallama, wannan ya riƙe hannu, wancan ya tura ta baya, har gaban jama'ar Unguwar Sada. A tsakiyar taron an shimfiɗa tabarma, ɗan Iliyasu na kwance a kai, zazzaɓi ya yi kwana da kwanaki yana cin sa. A gefe kuma ga Maiwada, yayan mijinta marigayi, ya ɗaga wata ƙwarya sama yana jujjuya ta don kowa ya gani.

"Ku duba da idonku," in ji shi. "Wa kuka taɓa gani yana zana mutum a jikin ƙwarya? Ga ƙanena Mamuda bisa jakinsa, ta zana shi, ya mutu. Ga 'yan biyu riƙe da hannun juna, ɗaya ta tafi. Yanzu ga yaro a bakin rijiya, ga ɗan Iliyasu kwance. Kurwarsu take kamawa tana rufewa a nan."

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Azumi. "Sai da aka binne su na zana su, kai ma ka sani. Wannan na bakin rijiya ƙanena ne, tun muna ruga..."

Wa zai saurare ta? Baiwar Allah, ba ta da kowa a garin. Daga wata ruga ta wajen Ikara Mamuda ya auro ta, iyayenta sun rasu, danginta sun yi kudu da shanu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Abin da ta zo da shi daga gida shi ne zanen ƙwarya da ta koya wurin mahaifiyarta: a sa bakin wuƙa a garwashi, in ya yi ja a bi jikin ƙwarya da shi. Sauran mata layi suke ja da ɗigo, ita ma haka take yi, har shekarar da sanƙarau ya shigo ƙasar ya ɗauke mata miji, ya haɗa da Hassana, 'yar'uwar haihuwar Hussaina. Daga nan ne hannunta ya fara zana abin da zuciyarta ta kasa ajiyewa. Ta zana tsamiyar rugarsu, ta zana jakin Mamuda da mangalar rake, ta zana 'ya'yanta biyu kamar yadda suke tafiya ba sa sakin juna. Ba ta sayarwa, ba ta nuna wa kowa. Jera su take yi a ɗaki, in kewa ta taso ta zauna ta yi ta kallo tana kuka. Laifinta ke nan a duniya!

Shi kuwa Maiwada ba ƙwarya ce ta dame shi ba. Fadamar rake ce da Mamuda ya bari, wadda ba ta da na biyu a wajen Gazara. Rabon marainiya Hussaina na cikinta, kuma duk wanda yarinyar ke hannunsa shi ke da ta cewa a kan gonar. Ya bi ta lallami Azumi ta ƙi ba da 'yarta, ya bi ta tsawa ta ƙi. Da ɗan Iliyasu ya kwanta, sai ya samu abin da yake nema.

Tsofaffi suka ce ta tsallake yaron, kamar yadda ake sa wanda ake zargi da maita ya yi don ya saki kurwa. Ta ce ita ba ta kama kowa ba, me za ta saka? Aka ce ai ƙin tsallakewar ma shaida ce. Iliyasu da kansa ya durƙusa gabanta yana hawaye, ya ce, "Azumi, ki dubi Allah ki sakar mini ɗana." Tausayinsa ya kama ta, ta tattare zanenta ta tsallake, tana kuka tana cewa, "Ya Allah, kai ne shaidata."

Kafin la'asar gumi ya keto wa yaron, ya buɗe ido ya nemi kunu. Zazzaɓi ne dai ya yi kwanakinsa ya sauka. Amma garin ya ɗauka: ta sake shi! Ku duba wannan zalunci. Da yaron ya mutu, a ce ta cinye shi. Da ya tashi, an ce ta tabbata. Ta ina marainiyar Allah za ta fita?

Maiwada ya shiga ɗakinta ya kwashe ƙoran kaf ya zuba a buhu. A gaban mai unguwa da kowa ya rantse da Allah cewa hannun da ya yi wannan zane hannun mayya ne, kuma gidan da ƙoran suka kwana ba zai ga alheri ba. Ya ce shi kaɗai zai kai su daji ya ƙone, kada hayaƙin ya taɓa wani. Aka ga hayaƙi ya tashi daga bayan gari, aka yi ta sa masa albarka. Mai unguwa ya ce Azumi ta bar garin kafin rana ta faɗi, yarinya kuma ta koma hannun baffanta.

Sai da aka ɓamɓare yatsun Hussaina ɗaya-ɗaya daga zanen uwarta. Yarinyar da ba ta wuce shekara biyar ba, tana ta kiran "Inna, Inna," har muryarta ta dushe. Azumi ta faɗi ta kama ƙafar Maiwada. "Yaya, ka ɗauki fadamar, na yafe har abada. Ka bar mini ita, ita kaɗai ta rage mini..."

"Don ki cinye ta ita ma?" Ya fizge ƙafarsa ya juya.

A Kudan ta tsinci kanta, ƙafafu a kumbure, gidan wata tsohuwa, Goggo Adama, wadda 'ya'yanta ke matse rake suna dafa mazarƙwaila. Tsohuwar ta ji labarinta daga farko har ƙarshe, ta share hawaye ta ce, "Zauna, 'yar nan. Na tsufa da jin tsoron ƙwarya." Azumi ta kama aikin juya ruwan rake a kan wuta, hayaƙi na cin idonta tun safe har yamma. Amma mugun labari ya riga ta isowa, 'yan kasuwa sun kawo shi. In ta je rijiya sai mata su janye 'ya'yansu, in ta yi sallama a amsa mata da ka. Wuƙar zane kuwa ko kallonta ba ta sake yi ba. Da damina ta yi tsakiya haƙurinta ya ƙare, ta taka har Unguwar Sada ta ɓuya cikin dawa ko za ta hango 'yarta. Ba ta gan ta ba. Yara ne suka gan ta, suka bi ta da jifa suna waƙar mayya, ta koma Kudan da goshi a fashe. Duk sallar da ta yi addu'arta ɗaya ce: "Ya Allah, ban roƙe ka fadama ba, ban roƙe ka suna ba. Ka nuna mini Hussaina."

Bayan kaka sanƙira ya bi kasuwanni da shela: En'e, hukumar gargajiya, za ta yi nunin amfanin gona da sana'ar hannu a Makarfi, kowane gari ya kawo abin da yake taƙama da shi, wanda ya yi fice zai sami kyauta daga hannun hakimi. 'Ya'yan Goggo Adama suka ware mazarƙwailarsu mafi kyau. Azumi ta roƙa a bar ta ta ɗauki kayan, don ta san mutanen Unguwar Sada ba za su ƙi zuwa ba.

Filin ya cika maƙil. Ga dammunan dawa da gero an jingine, ga rake mai kauri kamar damtse, ga bijimai a ɗaure, ga rumfunan masaƙa da dukawa da maƙera. Azumi ta sauke kayanta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta shiga bin rumfa-rumfa tana leƙen fuskokin yara, tana tsoron kada wani ya gane ta. A ƙarshen layi ta ga mutane sun yi cincirindo kan wata tabarma. Ta kutsa ta leƙa... Ga tsamiyar rugarsu. Ga jakin Mamuda. Ga Hassana da Hussaina riƙe da hannun juna! An goge su da mai suna ta ƙyalli, ko ɗaya wuta ba ta taɓa ba. A bayansu Maiwada ne zaune cikin babbar riga, yana murmushi. Ashe kara ya tara ya cinna wa wuta a ranar, ƙoran kuwa ya ɓoye su a rumbu, don tun farko idonsa ya gaya masa abin sayarwa ne. Da ya ji zancen kyauta daga hannun hakimi sai kwaɗayi ya rufe masa ido, ya ɗauka a cikin wannan taro wa zai kula.

Daidai nan hakimi ya iso da Baturen gona da dogarai, ana buɗa musu hanya. Baturen ya tsuguna ya ɗauki ƙwaryar 'yan biyu ya daɗe yana dubawa. Hakimi ya ce, "Duk filin nan ban ga irin wannan ba. Aikin wane ne?"

Maiwada ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, aikin gidana ne. Iyalina ce ta yi da hannunta."

Azumi ta shiga tsaka mai wuya. In ta yi magana a gane ta, a yi mata ihun mayya a gaban hakimi. In ta yi shiru a tafi da 'ya'yanta a ƙwarya kamar yadda aka tafi da ta raye. Tana nan tsaye sai wata murya ta fito daga cikin taron, a hankali, ba hayaniya.

"Maiwada, matarka ce ta zana wannan?"

Iliyasu ne, ya kawo rakensa nuni. Ya matso, idonsa a kan ƙwaryar yaro da rijiya. "Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Mutumin nan a gabanmu ya rantse da Allah cewa hannun da ya yi zanen nan na mayya ne. A kan haka muka kori mace daga garinmu, muka raba ta da 'yarta. Ya ce ya ƙone su. To, yau ya ce matarsa ce. Ina so ya gaya mini, mayyar a gidansa take?"

Mutanen Unguwar Sada da ke wurin suka fara matsowa. Matar Maiwada, da ke zaune can baya, ta dafe ƙirji ta ce wallahi ita ko riƙe wuƙar zane ba ta iya ba, kada a sa ta a abin da ba ta sani ba. Gumi ya jiƙa wa Maiwada riga.

"A'a... ranka ya daɗe, kuskuren baki ne. Matar ƙanena ce ta yi."

"Wadda ka ce mayya ce?" in ji hakimi.

"Ita ce."

"Ka yarda kurwar mutane na ciki, ka ajiye su shekara guda a gidanka, cikin 'ya'yanka, yau kuma ka shafa musu mai ka kawo mini in ba ka kyauta?"

Maiwada ya sunkuyar da kai. Hakimi ya tambaya ko matar na raye. Azumi ta yaye mayafinta, ta zube a gaban tabarmar. Ba ta yi ƙara ba, ba ta zagi kowa ba. Ƙwaryar 'yan biyun ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan Hassana ce, ta fi 'yar'uwarta tsawo kaɗan. Na ji tsoron kada in manta yadda take tsayawa, shi ya sa na zana ta. Ban san laifi ba ne." Kuka ya ci ƙarfinta. Mata suka kama sharar hawaye, Iliyasu ya tsuguna ya rufe fuska da hularsa yana cewa, "Mun cuce ki, Azumi, ki yafe mana."

Nan take dogarai suka tuɓe wa Maiwada babbar rigar suka tasa ƙeyarsa. Daga baya alƙali ya ɗaure shi kan ƙazafi da cin dukiyar marainiya, aka karɓe fadamar, kuma har ya mutu ba a sake karɓar rantsuwarsa ko a kan ƙwayar gero ba. Kyautar nuni aka ce ta Azumi ce. Amma a ranar duk wannan bai shiga kunnenta ba. Abu ɗaya take maimaitawa: "Ina 'yata?"

Aka samo Hussaina a bakin fili, an ɗora mata tallan rake. Ta yi baƙi, ta rame, wuyanta kamar ya karye ƙarƙashin faifan. Azumi ta yunƙura za ta rungume ta, sai yarinyar ta ja da baya, idonta cike da tsoro.

"Baffa ya ce ke kika cinye Hassana," ta ce, da 'yar muryarta. "Ya ce in na zo kusa da ke, ni ma..."

Wayyo! Duk jifan da aka yi wa Azumi babu wanda ya yi mata zafin wannan. Ta koma ta zauna a ƙasa, ta mayar da hannuwanta biyu bayanta, hawaye na zuba.

"To, kada ki zo, uwata. Tsaya nan ki kalle ni har ki gaji. Babu inda zan sake zuwa."

Yarinyar ta daɗe tana kallonta: tabon goshi, idanun da hayaƙi ya cinye, ƙasusuwan wuya a waje. Can sai ta sauke faifan a hankali, ta tona ta zaɓi gaɓar da ta fi kauri, ta tako kaɗan, ta tsaya, ta sake takowa, ta miƙa.

"Inna, kin rame. Ungo ki sha."

Azumi ba ta ga raken ba. Sai da ƙaramin hannun ya taɓa kumatunta sannan ta saki hannuwanta, ta jawo 'yarta ta ƙanƙame, tana faɗin "Alhamdu lillahi" cikin kuka, yarinyar kuma ta cusa kai a ƙirjinta ta fashe da kukan da ta shekara tana haɗiyewa. Allah ya isar wa duk wanda aka zalunta yana da gaskiya, kamar yadda ya isar wa Azumi.