Rabin Buzun Tsohuwa

Can a wani zamani an yi wata tsohuwa mai kyanwa. Kullum kyanwar kan kwanta a rabin buzun sallarta, ita kuma ta takure a ɗaya rabin.

Ran nan kyanwa ta mutu. Tsohuwa ta binne ta, ta ce, "Allah ya bayar, Allah ya karɓa." Amma kullum sai ta takure a rabin buzu, ta idar da salla a gajiye.

Wata safiya sai ga wata ramammiyar kyanwa ta haye gurbin. Tsohuwa ta ɗaga tsintsiya.

Ƙanwarta ta ce, "Yaya, kin ce Allah ya karɓa. To, wannan wa ya aiko ta?"

Tsohuwa ta yi ajiyar zuciya, ta sauke tsintsiya, ta ƙara matsawa gefe.