Shafin da Abba Ya Riƙe

An sa ranar auren Saudatu Maitama da Abdulmajeed ranar Alhamis da la'asar, a falon mahaifinta da ke Wuse a Abuja, kwana ɗaya kafin a kai littafinta maɗaba'a.

Littafin ne sila. Wani kamfanin shirya finafinai a Utako ya ba ta aikin mayar da fim ɗinsa labari a rubuce, kan wata matuƙiyar kumbo da ta bar mahaifinta ta tafi duniyar Mars. Sharaɗin shi ne rubutun ya isa maɗaba'a ranar Juma'a.

Alhaji Maitama ya shekara talatin yana tace rubutu a wata ma'aikatar tarayya, kuma takarda ba ta fita daga gidansa sai ya bi ta da jan biro. Ranar Asabar Saudatu ta miƙa masa nata. Ta manta da shafi na uku.

"Mamana," ya kira ta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. "Karanta min wannan."

Ta karanta a hankali. "Sadaukarwa ga Abdulmajeed, wanda ya jira ni..."

"Wane ne shi? Yana cikin kumbon?"

"A'a, Abba..."

"To a ina yake jiran?"

"A... ƙofar gida."

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

Ya zare shafin, ya ninke, ya sa a aljihu.

"Mutanen gari ba za su riga ni sanin surukina ba. In yana son sunansa a littafin ɗiyata, ya turo magabatansa. In ba haka ba, a buga babu shi, maganar kuma ta mutu."

Ta kira Abdulmajeed tana kuka.

"Rabin raina, yi shiru mana! Sunana kika sa? Da gaske?"

"Dariya ma kake yi? Kwana shida ne fa!"

"Kawuna yana nan kusa, yana sayar da shanu a Dei-Dei. Baffa ne matsala, yana Zariya, ba ya son hanya..."

"To ka ɗauko shi a ka!"

"An gama, ranki ya daɗe."

Ranar Laraba ya je Zariya ya ɗauko baffan da kansa. Washegari dattawan biyu suka zauna da Alhaji Maitama awa ɗaya da kwata, aka yi addu'a, aka sa wata uku.

Bayan sun tafi, Alhaji ya kira ta. Ya miƙa mata takardun, sannan ya ciro shafin daga aljihu ya ɗora a sama.

"Yaron yana da hankali. Gyara ɗaya ya rage, a babi na ƙarshe."

Ta buɗe. Ya ja layi a ƙarƙashin inda matuƙiyar ta yanke shawarar zama a can har abada.

"Abba, haka yake a fim ɗin..."

"Na sani. Amma tsohon nan shi kaɗai ne a gidan, Mamana. Ko da sallah ne, ta riƙa leƙowa."

Saudatu ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Ya dafa kanta.

Kafin magariba ta aika wa kamfanin saƙo tana neman izinin sauya babin. Har zuwa safiyar Juma'a ba su amsa ba.