Naushin da Basiru Ya Yi a Tsakiyar Ruwa

"A mayar masa da goronsa, Inna! Yau ɗin nan!"

Kamaruddeen ne ke wannan ihun a tsakar gida, leɓensa ya kumbura suntum kamar ƙosai. Ƙanwarsa Safara'u tana tsaye jikin rumbu tana kallonsa, cike da ƙyama. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma yau ko inuwarsa ba ta son gani.

Sati uku ya rage a ɗaura aurenta da Basiru, mai yawo da baƙi a kwalekwale a dam ɗin Watari. Dama can Kamaruddeen ba ya son haɗin. Tun da ya yi shekara biyu yana sayar da waya a birni, kowa a ƙauyen ya zama mai wari a hancinsa.

"Ni ɗan kwalekwale zai kai wa naushi a gaban abokaina?"

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Ina cikin jirgin fa..."

"Rufe min baki, marar kunya!"

Ta rufe, amma ba ta manta ba. Jiya Kamaruddeen ya kwaso abokansa uku daga birni, Basiru ya ɗauke su kyauta saboda ita. Ya ba kowa rigar ceto, Kamaruddeen ya yatsina fuska, wai tana ƙarnin kifi, za ta ɓata masa shadda. Basiru ya faɗi dokarsa ɗaya tak: ba a miƙewa tsaye a kwalekwale. Suna kaiwa tsakiya gogan ya miƙe zai ɗauki hoto, sai ji aka yi tsundum!

Basiru ya faɗa bayansa. Wanda ruwa ke ci kuwa bai san aboki ba. Kamaruddeen ya shaƙe masa wuya da hannu biyu, suka nutse tare. Da suka taso Basiru ya zuba masa naushi ɗaya, hannayen suka saki, ya jawo shi ta ƙeya har gaɓa.

Shi ne yau aka wayi gari naushin kaɗai ake tunawa. Tir!

Mahaifinsu, Malam Ikrima, ya dawo daga gonar albasa ya tarar da rigimar. Ya aika a kira Basiru. Basiru ya zo ya durƙusa, ya naɗe wuyansa da ƙyalle duk da zafin da ake yi.

"Ka naushe shi?"

"Na naushe shi, Baba. A yi haƙuri."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan."

Kamaruddeen ya yi murmushi da kumburarren bakinsa. Wannan murmushin ne ya ƙarasa tayar wa Safara'u da zuciya. Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban mahaifinta ba, amma yau ta ɗaga.

"Baba, don Allah ka ce ya kwance ƙyallen nan!"

"Safara'u..." in ji Basiru a hankali.

"Kwance," in ji Malam Ikrima.

Ya kwance. Sawun farce ne jere a wuyansa, ja wur, wasu har sun fara ruwa. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Malam Ikrima ya daɗe yana kallon wuyan, sannan ya juya ya kalli yatsun ɗansa.

"Da bai naushe ka ba, da yanzu tabarmar makoki muka shimfiɗa, ta mutum biyu. Kai ko kunya ba ka ji ba? Goron da ka ce a mayar, kai za ka raba shi ranar ɗaurin aure, gida-gida, da ƙafarka!"

Kamaruddeen ya sunkuyar da kai.

A zaure Safara'u ta cim ma Basiru, hawaye na zuba mata.

"Haba masoyina! Kana kallo za a raba mu, ka yi shiru? Wallahi har kai ka ba ni haushi!"

Ya mayar da ƙyallen wuyansa yana ɗan cije leɓe.

"Yayanki ne, Safara'una. Jiya na tsamo shi daga ruwa, kin ga ai ba ni zan nutsar da shi a gaban mahaifinsa ba."